Fim ɗin da ya fito da Inno daga ɗaki

Wata Laraba bayan la'asar, a ranin da na shiga aji uku, Baba Sani, ƙanen mahaifinmu, ya sauka daga motar Goronyo ɗauke da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto. Albasarsa ce ta yi kyau a fadama. Ina tsakar gida ina surfen gero na yar da taɓarya, ƙannena suka bar awaki ba dusa, muka cika zaure. Aka rataya tabarma a ƙofa don a samu duhu.

Kaset ɗaya mai shagon da ya sayar masa da kayan ya ba shi kyauta, tsohon fim ɗin Turawa marar kala. Wani mutum ne mai doguwar riga da hula mai baki yana bin sawun wanda ya kashe wani attajiri, kullum cikin ruwan sama da hayaƙin taba. Baba Sani ya ɗauki fassara, alhali Turancinsa bai wuce na tasha ba, duk wanda ya buɗe baki sai ya ce gaisuwa yake yi.

A lokacin kakarmu Inno ta daɗe da gama takaba, amma ta ƙi fita daga ɗakinta. Ta daina yi mana tatsuniya, furar da ake kai mata ma sai ta kwana a ƙwarya, har iyayenmu sun fara maganar kai ta asibiti Sakkwato. Ƙarar janareton ce ta fito da ita, da niyyar faɗa. Ta tsaya bakin zaure dafe da bango daidai lokacin da matar mamacin take kuka gaban mai hular.

"Kai Sani, mi kaka hwaɗi haka? Wagga mata ƙarya taka yi. Wadda mijinta yam mutu ba ta duban mutane in tana kuka."

Aka matsa mata ta zauna. Daga nan ta karɓe fassarar, ta raɗa wa mai hular suna Ɗan Barade, ta sa musu Hausa a baki, tana yi wa ɗan sanda tsawa don ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Da aka sa wa matar ankwa a ƙarshe, Inno ta yi dariya har da tari, ta ce a kawo mata fura. Mun kalli kaset ɗin har ya fara cin zare, kuma kowane kallo da sabon labarin da take ba shi. A makaranta muka riƙa wasan Ɗan Barade da malafar kaba, karan dawa ne bindiga.

Yanzu ’ya’yana a Wurno kowa da wayarsa, fim na zuwa musu da fassara tsaf, ba mai tambayar wani. Ƙauyenmu kuwa sai mun tambayi lafiyar hanya kafin mu je. Ban taɓa sanin ainihin abin da Turawan nan suke cewa ba, kuma ban nema ba. Na Inno ya ishe ni.