Ranar da Maigidana Ya Ƙi Sa Hannu

"Oga, wallahi ba zan sa hannu ba, injin nan sai an sauke shi."

Maigidana ne a waya, muna karin kumallo. Injiniyan jirgin sama ne, sai ya sa hannu jirgi ke tashi. Wani sabon kamfani ya karya kuɗin tikitin Legas, shi kuma ogan su maigidana ya rantse ba za a soke tashi ko ɗaya ba.

Na ce, "Baban Amira, in suka kore ka fa?"

"Ba korar nake tsoro ba. Kar su samo wani ya sa hannu."

Suka samo. Jirgin ya sauka lafiya, shi kuma aka dakatar da shi.

Yanzu duk jirgin da ya ratsa saman gidanmu a Kuje, sai na bi shi da addu'a.

Masu neman tikiti mai araha, kun taɓa tambayar me aka rage?