Ƙofar Gaba

Afra ba ta da camfi, ko kuma haka take faɗa. Ƙuruciyarta duk a bayan teburin cuku ta ƙare a kasuwar garin Hoorn, tana yanka, tana awo, tana yi wa masu taɓa kaya ba saye tatas. Mijinta Siem, direban motar madara, shi ne mai barkwancin gidan, ita ce mai faɗa. A haka suka tsufa.

Da likita ya ce ciwon Siem ya fi ƙarfin magani, 'yarsu Lida ta kama hayar wani tsohon gidan gona mai rufin ciyawa, kusa da ƙauyen da aka haifi uban, don su yi hutu tare. Burinsa bai taka kara ya karya ba: ya zauna a fili ya kalli shanu, jikokinsa na gefe.

Tun daga mota Afra ta ƙura wa gidan ido. Irin gidan kakarta ne sak. Ta 'yar ƙofar baya ake shige da fice. Babbar ƙofar gaba kuwa, mai koren fenti, sau biyu ake buɗe wa mutum ita: amarya ta shiga, gawa ta fita. Ga shi keken da ake tura Siem ya ƙi shiga ta baya. An juya, an karkata, ina!

Lida ta zagaya ta zare sakatar gaba, ta turo shi ciki.

"Ku tafa mana," in ji Siem, "ga amarya ta iso, har da gemunta."

Yara suka kwashe da dariya. Afra ko murmushi. Ta mayar da sakata, ta jawo kabad ɗin kwanuka ta tokare ƙofar. Shiga dai an shiga.

Hutu yana ta ƙarewa, Siem yana bakin taga. Shanun suna can bayan rumbu, kukansu kawai yake ji.

"Mama, katako ne fa kawai," in ji Lida.

"Rufe min baki. Ta irinta aka fitar da kakata, ina tsaye ina kallo."

"To Baba fa? A ɗaki zai gama hutun?"

Tsoro ne ya cika Afra, tsoro tsagwaronsa, ba ta kuma san inda za ta ajiye shi ba.

Ana gobe za su tafi, da hantsi, Lida ta kai yara kanti. Afra ta durƙusa gaban keken ta juya masa baya.

"Hau, Baban Lida. Ta baya zan fitar da kai."

"Da wannan gwiwar taki? Ke da matakala ke sa ki zagi?"

"Na ce ka hau!"

Ya hau. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ya fi komai tsinka mata zuciya. A tsakiyar lungun da ke kaiwa ƙofar baya gwiwar ta ƙi. Suka zube a kan daɓen dutse. Ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, ta kasa. Sai ta rungume kansa ta fashe da kuka.

"Ba zan bari ba, Siem. Wallahi ba zan bari ba."

Ya jira har numfashinsa ya dawo.

"Afra, ko kabad goma kika jera, tafiya zan yi. Kin sani, na sani. Ki bar ni in fita ta nan idona biyu, ke kina tura ni."

Da kyar ta ja shi ta mayar kan keken. Ta sa kafaɗa ta ture kabad ɗin, faranti biyu suka faɗo suka fashe, ba ta ko waiwaya ba. Ta zare sakata. Iska ta shigo da warin kashin shanu, Siem ya shaƙa har da lumshe ido.

Ta kama keken, ta runtse ido, ta tura da ƙarfi don a wuce wurin.

"A hankali, matar nan," in ji shi. "Ba sauri nake ba."