Jiran Kawu Ndagi

Kawu Ndagi ba ya buɗe baki sai ya karkata kunne tukuna, ko da shi kaɗai ne a ɗaki. Kun dai san shi. Aikinsa a jami'a koyar da yadda kwamfutocin ofis ke raba kebul guda: su daɗe tsit, can kuma kowacce ta taso da saƙo lokaci ɗaya. Dokarsa ita ce a saurara kafin a yi magana. In biyu sun yi karo, kowacce ta ja baya ta jira. In sun sake, a ninka jiran. Da a aji ya bar dokar nan, da shi da yayarsa, mahaifiyata, da sun shirya kafin ya rasu.

A gidansa na Maitumbi, in mutane kaɗan ne, kowa ya yi surutunsa. Da gida ya cika sai ya ɗauko ludayi, wanda ke riƙe da shi ne kawai zai yi magana. Wata Sallah matarsa Anti Hauwa ta ɗaga hannu tun daga bakin ƙofa.

"Layi bai zo kanki ba," in ji shi.

Ludayi ya zaga surukai da maƙwabta, har da mai labarin ƙwallo, kafin ya iso hannunta.

"Akuya ce ke cin takardun jarrabawar ɗalibanka. Yanzu kam ta gama."

Ko a jikinsa. Wai tsarin ne ke buƙatar hanyar gaggawa, ya zauna zana ta.

Saɓaninsu da Mama a kan kakarmu ne, ya ɗauko ta daga Bida ba shawara. Ranar sunan ɗana aka zaunar da su. Suka buɗe baki tare, suka yi shiru tare. Kawu ya miƙe.

"Karo ne. Sai an jira."

A wani biki aka sake haka. Ya ninka jiran.

Na ce, "Kawu, Mama fa ba kwamfuta ba ce."

"Ai da ita ce da tuni an gama, kwamfuta ba ta riƙo. Zan kira ta, lokacina ne bai cika ba."

'Yar gajeriyar jinya ya yi. A zaman makoki Mama ta kama hannuna, ta ce, "Ni fa kullum wayata na kusa da ni. Cewa nake shi ne ƙarami, shi zai fara."

Abin na ci mini rai har yau. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe musu shirun nan, ya sada su a Aljanna su gaisa.