Mai Ganga da Maƙwabcinsa

Ina ƙarƙashin wata mota a garejinmu na unguwar Adidogomé ƙanwata ta bugo waya. Ta ce, "Yaya, Kaka ta cika." Na fito, na wanke hannuna da kyau, sannan na zauna.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne murhunta na gawayi a tsakar gidanmu na Zongo, inda take dama kokon sayarwa. Bayan sallar isha'i muke kewaye shi.

Ina ƙarami igiyar teku ta taɓa fizge ni, wani masunci ya ciro ni. Tun daga ranar, ko ruwa aka zuba a bokiti sai jikina ya ɗauki rawa. Yara suka sa ni gaba da dariya. Kaka ba ta hana su ba, sai dai ta ƙirƙiro tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri," in ji ta. "Kai ma matso, maigidana matsoraci. Wa zai auri mai gudun bokiti in ban da ni?"

Labarin wani ɗan raƙumi ne da ya zo daga arewa, teku ta kayar da shi. A ranar wani ɗan mitsitsin mutum ya tare a cikin kansa da ganga. Da ya ji ƙarar ruwa sai ya hau kiɗa. Ɗan raƙumi ya roƙe shi ya tashi, mai gangar ya ce, "Ina zan je? Ranka nake gadi." Sai kunkuru ya ba da shawara: ba a korar mai ganga, maƙwabci ake samo masa, mai sarewa. Duk ranar da ka matsa kusa da ruwa ka dawo lafiya, ka ɗora bulo ɗaya a ɗakin maƙwabcin.

Tana faɗa tana tsiyaya ruwa daga ƙwarya zuwa roba, a hankali, kullum tana ƙara matso da robar kusa da ƙafata. Amma ba ta taɓa kai ƙarshe ba.

"Kaka, ya shiga ruwan?"

"Ranar da ka kai ni bakin teku ka tsoma ƙafa, ka ji."

Na girma, na daina gudun bokiti, har ina iya tsayawa a kan yashi. Ƙafar ce ban tsoma ba.

Bara 'yata Azumi, mai sunan Kaka, wadda ke karatun likita da harshen Faransi, ta yi mini bayani. Ta ce idan mutum ya firgita, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan tashi tare, su ƙulla zumunci mai ƙarfi, daga baya ƙara ko wari kaɗai ya isa ya tashe su. Ta ce ba sa gogewa, wasu ƙwayoyin ne ke koyon sabon darasi su kwantar da su.

Na ce, "Maƙwabci ke nan."

Ta ce, "Wane maƙwabci, Baba?"

Na kai ta wurin Kaka. Suka yini suna hira, tsohuwar tana dariya tana cewa, "Ashe mai gangana yana cikin littafin Faransi!" Ban taɓa jin girman gidanmu kamar ranar ba. Na yi wa Kaka alkawarin kai ta teku bayan Babbar Sallah. Ba mu kai ga zuwa ba.

Bayan addu'ar ukun Kaka, ni da Azumi muka je bakin teku. Na naɗe wando na shiga har gwiwa. Gangar ta buga sosai. Na tsaya, ban gudu ba.

Har yau ban san ko ɗan raƙumin ya shiga ruwan ba.