Binta Siminti da Bencin Ɗaga Ƙarfe

Wata Lahadi ce da la'asar, a bazarar shekarar da na fara kai azumi, mangwaro ya nuna har yana faɗowa da kansa a kan kwanon ɗakinmu. A lokacin muna zaune a ɗakunan baya na gidan wani babban ma'aikaci a Nassarawa GRA, inda Babanmu yake aikin lambu. Na fito da tsintsiya zan share ganye, sai na tarar da yayana Sabo da abokinsa Bulus, ɗan wani malamin makaranta mutumin Zariya, sun janyo bencin da Inna take ɗora kwanuka sun kai shi gindin bishiya. A gefe ga abin da suka daɗe suna ɓoyewa a bayan kejin kaji: manyan gwangwanayen madara biyu da suka cika da siminti, suka soka guntun bututun famfo a tsakani. Wai ƙarfen ɗagawa suka yi, irin wanda suka gani a hoton wata kalanda.

Bencin nan tsoho ne, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ga tsayi. In Yaya Sabo ya kwanta a kai, ƙafafunsa lilo suke yi a sama. Da ya yunƙura sai bencin ya karkata, ƙarfen ya tafi gefe, Bulus ya tare yana dariya. Shi ma Bulus ya gwada, ya yi nishi har jijiyar wuyansa ta fito, bai kai ko'ina ba. Ni kuwa dariya ta kufce min. Yaya Sabo ya harare ni ya ce, “To sarkin iya, zo ki ɗaga mu gani.”

Ni fa ban san ina da ƙarfi ba, aiki kawai na sani. Tun da asuba nake bin Baba da bokiti biyu, daga famfo zuwa kunyoyin latas da furannin Hajiya matar mai gidan, mu dawo mu sake. In an gama ban ruwa in ɗauki taɓarya, in an gama daka in goya ƙanena in tafi kai niƙa Tudun Wada. Ta ramukan shinge nake hango 'yan makaranta suna wucewa da fararen safa, ni ba a sa ni ba, sai da na yi 'ya'ya sannan na zauna ajin yaƙi da jahilci na koyi wannan rubutun da nake yi. Wasanmu carafke ne da 'yar gala-gala, in wata ya yi haske mu yi gaɗa a bakin ƙofar baya, kuma kullum ni ake sawa a tsakiya in cafe wadda za ta faɗo, don ban taɓa sakin kowa ba. Baba yakan tsaya ya dube ni ina tafe da bokitai ruwa bai zuba ba, ya ce, “Uwata kenan.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Na ajiye tsintsiya. Na samo fasasshen bulo na tokare gajeriyar ƙafar bencin, na jawo wani na ɗora ƙafafuna a kai don in samu abin takawa, na tattare zanina tsakanin gwiwoyi, na kwanta rigingine. Suka ɗora min ƙarfen su biyu. Na tura, sai na ga ya tafi. Na sauke, na sake turawa. Ina kallon ganyen mangwaro ta tsakanin hannuwana, wani daɗi ya cika min ƙirji wanda har yau ban san sunansa ba. Bulus yana tsalle yana cewa, “Sabo, wallahi ƙanwarka ta gama da mu!”

Ashe Hajiya ta yi baƙi, ta zagayo da su baya su ga lambu. Ƙamshin turarensu na fara ji kafin in ga gyalulluka. Ga ni kwance a gaban maza, ɗankwali ya zame, ƙauri a waje, ƙarfe a sama. Ɗaya daga cikinsu ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah! Hajiya, wannan mace ce ko ɗan dako kuka ajiye?” Suka fashe da dariya, ba ta mugunta ba ma, irin dariyar da ake yi wa ɗan akuya in ya hau katanga. Na nemi in tashi, ƙarfen ya danne ni, sai da su Yaya Sabo suka ɗauke. Na hango Inna a bakin madafa, ludayi a hannu, ta sunkuyar da kai kamar ita aka kama.

Inna ba ta dake ni ba. Da ma ta dake ni, da ya wuce a ranar. Da daddare tana shafa min man kaɗanya, ta matsa damtsena ta ji taurinsa, ta ce a hankali, “Binta, ki riƙa ɓoye hannun nan.” Kafin sati ya zagayo labari ya kai famfon unguwa, daga Giginyu har Tudun Murtala duk yarinyar da ta san ni ta daina cewa Binta kawai, sai Binta Siminti. In na zo wucewa samari su ƙanƙance murya su ce a ba ta hanya kar ta ɗaga mu.

Daga nan na koyi wani aiki sabo, wato yin kamar ba zan iya ba. Na koma ɗaukar bokiti ɗaya, shi ma rabi. Kayan da zan iya ɗorawa kaina da hannu ɗaya, sai in tsaya a bakin hanya ina jiran wani ya ɗora min. Na roƙi Inna ta ɗinka min riguna masu dogon hannu, ina sawa ko ana zafin da kaza take buɗe baki. Na daina shiga tsakiya a gaɗa. Baba ya ci gaba da ban ruwansa shi kaɗai, yana jan ƙafa, bai taɓa yi min faɗa ba. Sau ɗaya kawai ya tsaya ya goge gumi ya ce, “Uwata, hannun nan Allah ne ya ba ki, ba satowa kika yi ba.” Na ji shi sarai, amma muryar baƙuwar nan ta fi tasa ƙara a kunnena. Haka na girma, haka na yi aure, mahaifin 'ya'yana har ya koma ga Allah bai san matarsa za ta iya ɗaga buhun masara ba.

Yanzu ina zaune wurin 'yata Maryam, a nan GRA ɗin dai, ba nisa da tsohon gidan, wanda aka sare bishiyoyinsa aka yi benaye. Bara na yi jinya mai tsawo, na tashi kafaɗuna sun saki. Ranar da na sunkuya zan wurga jikata Ummi a baya, hannuna ya ƙi, yarinya ta sulɓe, Allah ya sa uwarta na kusa ta cafe. Ban yi barcin kirki ba a 'yan kwanakin nan. Matar da ta goya ƙanne da 'ya'ya, a ce jikarta ta fari ta wuce goyo ba ta ji ɗumin bayanta ba? Likitar da ke duba ni ta ce hannun zai dawo, amma sai na riƙa ɗaga ƙananan ƙarafa ina kwance a kan benci. Da ta faɗi haka sai da na waiga ko akwai mai ji.

Maryam ta kwashe tarkacen wani ƙaramin ɗaki, ta sa ni a mota muka tafi shagon kayan motsa jiki. Ga bencina jere, wani ana naɗe shi, wani bayansa yana tashi kamar kujerar asibiti, wani faffaɗa mai jar fata. Mai shagon ya dubi Maryam ya ce, “Hajiya, na Alhaji ne ko na samari?” Ta ce, “Na Umma ne.” Bai yi dariya ba, amma ni na ji dariyar nan ta dā har cikin ƙashina. Ya ce ba a sayen benci da ido, sai mai shi ya kwanta a ga ko ƙafarsa tana taka ƙasa, ko faɗin bai tokare masa kafaɗa ba. Na ce a'a, a ba mu ko wanne, mu tafi. Maryam ta dube ni ta ce, “Umma, Ummi fa ta fara tafiya. Goyon nata ya kusa ƙarewa.” Ta warware gyalenta, ta buɗe shi da hannu biyu ta tsaya ta yi min labule. Mai shagon ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba.

Na tattare zanina tsakanin gwiwoyi na kwanta. Mai jar fatar ya yi min tsayi, ƙafafuna suna lilo kamar na Yaya Sabo, Allah ya jiƙansa. Mai naɗewar yana motsi in na juya. Sai wani baƙi, gajere, marar ado, da na kwanta tafin ƙafata ya zauna daram a ƙasa, na girgiza shi ko motsi bai yi ba. Na miƙa hannuwana sama babu komai a cikinsu. Na ce wannan.

Yana ɗakin yanzu, kusa da taga. Ƙarafan da nake ɗagawa, da Bulus zai gan su da ya ce na wasan yara ne, kuma har yau sai na tura ƙofa kafin in kwanta. Ummi takan turo ta shigo, ta tsaya a kaina tana tafi, ita ba ta san akwai abin kunya a ciki ba. Ban goya ta ba tukuna, amma shekaranjiya na ɗaga ta daga ƙasa zuwa cinyata ba wanda ya taimake ni. A dā ina da ƙarfi ina ɓoyewa don kar a gani, yau ina nemansa kaɗan-kaɗan a bayan ƙofa. Da Baba zai leƙo ta tagar nan, na san abin da zai ce, kuma wannan karon zan saurare shi.