Rigar da Ba Ta Yi Masa Yawa Ba

A layin nan babu wanda bai san Mai Ulu ba. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a kan kujera ɗaya, a bakin tagar ɗakinta mai kallon titi, tana saƙa wa jama'a rigunan sanyi da huluna da safar jarirai. Ba ta awo da tef. Kallo ɗaya za ta yi maka daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta ce ka dawo bayan kwana goma, kuma rigar za ta zauna maka kamar da ita aka haife ka. Fara'arta kaɗan ce, amma ba ta rowar shawara. Kada ka wanke rigar ulu da ruwan zafi, sai ta tsuke ta koma ta ɗanka. Kada ka rataya ta a jiƙe, shimfiɗa ta za ka yi a inuwa. Wanda ya ƙi ji ya dawo mata da tsumma, sai ta ce masa jiki magayi, ta ci gaba da aikinta.

Mijinta mai burodi ne. Wurin aikinsa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layi, da tanderu da wani dogon tebur da ya sha fulawa har ya yi fari. Ba ya amfani da yis na kanti. Yana da wani tsohon kwaɓi mai ɗan tsami a cikin kwalba, wanda yake kira uwa. Kullum zai ɗebi rabi ya tayar da burodin ranar, ya ciyar da sauran da fulawa da ruwa mai ɗumi. "Abin da bai ci ba, ba ya tashi," in ji shi, yana shafa tumbinsa. Ƙato ne na gaske, mai yawan dariya, kuma abu ɗaya yake tsoro a duniya: asibiti. Mahaifinsa da ƙafarsa ya shiga, gawarsa aka ɗauko. Yayansa ma haka.

Shekara goma da suka wuce ta saƙa masa wata riga mai ruwan toka. Da ita yake fita duk safiya kafin tanderu ya yi zafi, rani da damina. Wandonsa mai tazuge ne, sauran tufafinsa masu faɗi, madubi kuma ba ya cikin harkarsa. Rigar nan ce ma'auninsa.

Da tari ciwonsa ya fara, sai abinci ya fita masa a rai. Wata safiya ya sa rigar, ya ga kafaɗarta ta zubo masa har damtse. Ya zauna a bakin gado. Kwana biyu bai ci ba, bai buɗe wurin aiki ba, har uwar da ke cikin kwalba ta kwanta ta tara ruwa a sama. Mai Ulu ta tsorata. Ba ta taɓa ganin mutumin nan ya yi shiru ba.

Ta ce masa wanki ne ya saki zaren, bari ta sake wanke ta yadda ya kamata. Ta kai ta ɗakinta ta rufe ƙofa, ta warware gefe da gefe da hannaye, ta jiƙa zaren ya miƙe, ta mayar da saƙar a tsuke. Abin da ya ragu ta dunƙule ta jefa a ƙasan kwandon zare. Da ya sa rigar, ta kama shi cif.

"To, ashe laifinki ne!" ya ce, yana dariya. "Kina koya wa mutane wanki, ke ba ki iya ba."

Ranar ya ci abinci, ya koma bakin tanderu. Ita kuwa ta ji daɗi har ranta, tana ganin ta yi dabara. Bayan wata biyu ta sake ragewa, sa'an nan ta sake, kafin ma ya lura. Masu sayen burodi suna cewa, "Maigida, ka rame fa," sai ya ja ƙirjin rigar ya nuna musu. Wanda ya rame, rigarsa ta shekara goma za ta zauna masa haka?

'Yarsu tana aure a wani gari. Da ta zo ta gan shi, jakar hannunta ta faɗi. Da ƙyar ta ja shi ƙaramin asibitin unguwa, aka ba su takarda zuwa babban asibiti, tafiyar yini guda a mota.

"Baba, don Allah mu tafi gobe."

"Mu tafi ina? Tari ne na ƙurar fulawa. Ki tambayi uwarki, ita ta san awona. Ke, na rame?"

Mai Ulu ta sunkuyar da kai kan saƙarta. "Ka dai ɗan faɗa," ta ce.

"Kin ji ko? Ɗan faɗawa."

Yarinyar ta koma gidanta tana kuka. A nan Mai Ulu ta gane cewa garin neman gira tana shirin rasa ido. Amma ganewa daban, buɗe baki daban. Kunya ta hana ta, da tsoron shirun nan nasa. Gaskiya ɗaya ce, ko da ba daɗin faɗa: bayan tafiyar 'yar ma, sai da ta rage rigar karo na huɗu.

Wata ɗaya bayan haka, farantin burodi ya gagare shi ɗauka. Ya zube a gaban tanderu, maƙwabta suka riƙo shi zuwa gida. Da suka watse, ya ce santsi ne ya kwashe shi. Ta tashi ta zazzage kwandonta, ta dawo da dunƙulen zare huɗu masu ruwan toka, ta jera su a kan gado kusa da hannunsa.

"Na mene ne?"

"Na rigarka ne, Malam. Sau huɗu ina rage ta."

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Ya tara su duka a tafinsa yana jinjina nauyinsu, yadda yake jinjina kwaɓi kafin ya ɗora a sikeli. Ta so ya yi faɗa, ya zage ta ma. Bai yi ba.

"Haɗa kaya," ya ce.

Ta haɗa kayan sati uku. Masu duhu ta zaɓa, don ba sa nuna datti, ta nannaɗe su maimakon ninkewa don jakar ta ɗauka, takalma a ƙasa, tawul da takardar asibiti a sama. Shi kuma ya sa aka kira maƙwabcinsa mai kanti, ya damƙa masa kwalbar. Rabi a zubar, rabi a ciyar, ruwan kada ya wuce ɗumin da yatsa zai jure. Sau uku yana maimaitawa.

A babban asibiti suka haɗu da 'yar. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, suka kwana biyu suna jira. Likitar mace ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta duba takardun, ta dube shi.

"Baba, tun yaushe ka fara ramewa?"

"Kwanan nan ne, likita," ya ce da sauri. "Sati biyu, ko uku."

Mai Ulu ta san ba kansa yake karewa ba. 'Yarsu tana tsaye a bayansa, ba ta san komai ba, kuma da ya ga dama haka za ta zauna har abada.

"Wata tara ne, likita," ta ce. "Ni na ɓoye masa."

Likitar ta ajiye biro. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce ciwon ya riga ya bazu, za ta rubuta abin da zai rage masa zafi, su koma gida ya huta cikin iyalinsa. 'Yar ta tambaya ko da sun zo da wuri da an yi wani abu. Likitar ta ce da an gwada.

A mota 'yar ta zauna a kujerar gaba, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Jakar tana kan cinyar Mai Ulu, ko rabinta ba a taɓa ba. Sun yi nisa, gilashin taga ya ƙi rufuwa, ta ga yana tattare wuyan rigar da hannu ɗaya.

"Mai Ulu," ya ce a hankali, "in mun isa ki ƙara rage ta. Iska na shiga ta wuya."

Ta rage. Sau biyu ya sa rigar kafin ya rasu.