Gyaɗar da Aka Shuka a Cikin Kumbo

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ba laifin malamai ba ne, sun yi iya ƙoƙarinsu da bulala. Daga nan na yi masinja har ritaya, ina kai takardun da ba ni da izinin buɗewa. Sai da na tsufa 'yata ta ba ni waya, ta jefa ni cikin wani guruf inda matasa ke rubuta gajerun labarai da Hausa, irin na abin da bai faru ba kuma ba a sa ran zai faru: aljanu, mutum-mutumi, tafiya sama. Na ɗaura tabarau na shiga. Yau a unguwarmu ta Nassarawo a Mubi in ana neman labarin da ya cancanci karatu, ni ake tambaya. Ko ba a tambaya ba ma ina faɗa.

Mai farawa ya fara da na aljanar da ta gaji da zaman kuka ta kama ɗinki a kasuwa, tana yi wa kowa riga daidai halinsa. Marowaci ya sa tasa, aljihun ya ƙi buɗuwa. Bayansa a nemi na mutum-mutumin da aka ba kiwo, bai taɓa ɓatar da ko maraƙi ba, amma shanun suka ƙi bin sa don bai iya kiransu ba. Akwai kuma na wani da ya koma shekara ɗari baya, ya cika shafi yana mamakin babu wutar lantarki. Wannan kada ku wahalar da idonku, mamaki ne da ba sai an yi tafiya ba.

Amma wanda na fi so a karanta, labari ne da ya fito da kuskure a cikinsa, kuma sai na faɗi dalili.

Ina da amini, manomi daga duwatsun Michika, dattijo a cocinsu, don haka Dattijo muke ce masa. Gonarsa tana Mugulbu. Mun fi shekara arba'in muna zama a benci ɗaya muna musu, har rediyo yakan mayar wa da magana. Bazarar bara matarsa ta rasu, ya shiga ɗaki ya zauna. Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, buhun irin gyaɗarsa yana rataye ba a ɓare ba, don ita ce mai ɓarewa kowace shekara. 'Yarsa nas ce a Yola, ta ce ƙarshen wata za ta zo ta tafi da shi gaba ɗaya. Bai yi musu ba. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Na fara zuwa bayan la'asar ina karanta masa. Na aljana, bai ce komai ba. Na mutum-mutumi, ya ce, “To.” Rana ta uku na ɗauko wani sabo: duniya ta bushe, mutane suka shiga kumbo suna neman wata duniyar, tafiyar shekaru, wata mata ce ke noma musu abinci a ciki. Ta shuka gyaɗa a farantan ruwa, babu ƙasa, da ta nuna suka tsinke ta a reshe kamar wake. Ni sau biyu na karanta ban ga aibu ba. Masinja ne ni.

“Tsaya, Malam. Koma baya.”

Na koma.

“Wa ya rubuta wannan?”

“Wata yarinya ce, a birni take.”

Hausar Dattijo ba ta raba mace da namiji. Ya ce, “Yarinyan nan ya taɓa ganin gyaɗa kuwa, ko a kwalba kawai ya san shi?”

“Haba Dattijo, labari ne. Mutane na yawo a sama shekara da shekaru ka yarda, gyaɗa ce ta tsaya maka a wuya?”

“Sama ban je ba, ba zan yi musu ba. Gyaɗa na sani.”

Ya tashi zaune. Ya ce in danna masa inda ake magana. Na danna, ya yi wa yarinyar faɗa mai tsawo: gyaɗa a sama take fure, sannan ta saki 'yan tsinkaye su sunkuya su nutse cikin ƙasa, a can take 'ya'ya cikin duhu. In babu ƙasa, mutanen nan harawa za su ci. Na tura ina jiran a kore ni daga guruf.

Washegari ta amso cikin ladabi. Ta ce, “Baba, wallahi ban taɓa gani ba. Don Allah a turo min hoto.”

Na ce masa abu mai sauƙi, mu leƙa gonar maƙwabci in lokaci ya yi mu ɗauka.

“Gonan wani? Ya ga ciyawa ya ce haka muke noma a Mubi? Sauke buhun nan.”

Muka zauna ɓara a tabarma. Ni ina fasa ƙwayar gida biyu, ya ce in cire hannuna, aji huɗu bai koya min komai ba. Can ya tsaya yana kallon kwaryar matarsa da muke zubawa a ciki. Ya goge fuska da hula ya ci gaba. Kwana biyu bayan haka muka hau keke napep zuwa Mugulbu, shukarsa ta makara, yana ta ɗora laifin a kaina.

Da wata ya ƙare, 'yarsa ta iso da mota, ta tarar da ƙofa a kulle. Na raka ta gona. Yana duƙe da fartanya.

“Baba, na gyara maka ɗaki fa.”

“Ina da aiki. Akwai mutane a sama, yunwa zai kashe su.”

Ta juyo ta dube ni. “Bappa, me ka ba shi?”

“Karatu, 'yata.”

Ta daɗe tana kallon yadda yake jan fartanyar. Ta ce to, bayan girbi a sake magana.

Da gyaɗa ta nutsa, ya tuge gindi ɗaya ya riƙe, na ɗauki hoto, babban yatsana ya rufe rabi. Yarinyar ta sake labarin. Yanzu akwai wani tsoho a cikin kumbon da ya ƙi shiga sai da buhun ƙasa, kowa na masa dariya, daga baya shi ya ceci jama'a. Dattijo ya saurara har ƙarshe, ya ce ta yi ƙoƙari, sai dai buhu ɗaya ba zai isa ba, kuma tsohon ya cika faɗa.

Bayan girbi 'yarsa ta dawo, ya ce ba zai tafi ba, an fito da wani labari na injin da ke kiran ruwan sama, kuma marubucin bai san lokacin shukar dawa ba. Ta ɗauki gyaɗa ta koma Yola. Yana nan a bencinmu.

Saboda haka shawarata, ku karanta gyararren, ya fi daɗi. Amma duk mai tsoho a gida da ya daina musu, ya zo wurina, na ajiye na farkon.